Yatsu Huɗu a Bakin Tanki

Ba wanda ya naɗa Uwar Kofuna a kan aikinta. Wata Lahadi, tana sabuwar amarya, aka tashi daga sujada aka bar tiren Jibin Ubangiji, na gurasa da ruwan inabin da ake rabawa wata-wata, a kan benci, ƙudaje suna cin nasu rabon. Ta ɗauka ta kai ɗan ɗakin da ke bayan bagade ta wanke. Da wata ya zagayo aka sake barin mata shi a wuri guda. Haka ainihin sunanta ya fara narkewa a bakin mutane, har aka kai lokacin da ko 'yarta, in ta zo nemanta a majami'a, sai ta ce, "Kun ga Uwar Kofuna?" don in ta faɗi wani suna za a tsaya tunani.

Ɗakin bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai famfo da sai ya yi tari kafin ya ba da ruwa, da gangar mawaƙa wadda ta fashe aka ajiye da niyyar gyara, da kabad mai ƙofa ɗaya. A cikin kabad ɗin kofunan suke, 'yan mitsi-mitsi na gilashi, kowanne yana zama a raminsa a jikin tire. Da ruwan ɗumi take wanke su, ba ta yarda da sabulu mai ƙamshi, ta ce ba za a ba mutane turare su sha da sunan Ubangiji ba. Ran Asabar ta yanke ɓawon burodi, ta yayyanka cikin ƙanana-ƙanana, ta rufe da farin ƙyalle. Ran Lahadi ita ce ta ƙarshe da ake miƙa wa tire, kuma kofin da yake iso ta shi ne mafi ƙarancin ruwan inabi, don ita ta zuba, ta san wanda ta rage wa kanta. Wannan ɗan kurɓin take jira daga wata zuwa wata. Ba ta iya dogon bayani a kansa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "In na sha, ina jin an san da ni."

Majami'ar tana bayan tashar mota, tsakanin mai faci da shagon katifu, kuma a gaskiya majami'a biyu ce cikin riga ɗaya. Tun Uwar Kofuna tana budurwa aka zo faɗaɗa titi, motar rusau ta kwashe ginin ikilisiyarsu ta bar su da bencina a rana. Waɗannan na bayan tasha kuwa suna da rufi, mutane ne ba su da su. Aka haɗe, aka yi addu'ar godiya, sai daga baya aka tuna cewa ba iri ɗaya ake yin baftisma ba. Masu rufi, sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa sannan a nitsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Masu bencina kuwa tun jariri yana cikin zane ake yayyafa masa ruwa a goshi, shi ke nan har abada. Masu yayyafi suka sa wa masu nitso suna agwagi. Masu nitso suka rama da kaji. Agwagi suka kama gefen dama, kaji gefen hagu, aka bar hanya a tsakiya wadda amare da gawa kaɗai ke bi ba a tambaye su inda suka karkata ba.

Tsohon Fasto ya riƙe su shekara da shekaru da baiwa guda: ba ya ji sosai. In agwagwa ya kawo ƙarar kaji, sai ya juyo masa da mataccen kunnen ya yi ta gyaɗa kai. In kaza ce ta zo, sai a tarar mutuwar ta koma ɗaya kunnen. Ran Jibi yakan rufe ido tun farkon addu'a, ba ya buɗewa sai tire ya dawo, saboda haka har ya bar duniya bai taɓa ganin wanda bai cancanta ba ya ci.

Uwar Kofuna kaza ce, 'yar kaza. Amma agwagwa ta aura, wani mai walda da ya hango ta daga hayin hanyar tsakiya. Shi ya haɗa tankin ƙarfen da ake nitsar da mutane a tsakar gidan majami'a, ya shafa masa shuɗin fenti, ya lanƙwasa bakinsa ya goge don kada ya yanki kowa.

"Kazata," yakan ce, "yaushe za ki zo in gwada miki tankina?"

"Ranar da ka koyi wanke kofin shayinka."

Ya mutu bai koya ba, ita ma ba ta shiga ba. Ba aƙida ce kaɗai ta hana ta ba. Tana 'yar ƙarama ta taka bokiti tana leƙen duron ruwa, ta zurma da ka. Yayanta ne ya hango ƙafafu suna wutsil-wutsil ya jawo ta. Tun daga ranar, ko wanka take yi ba ta zuba ruwa a ka sai ta dafa bango da hannu ɗaya. Yayan nan ya girma ya zama hedimasta, ya yi ritaya, ya zama babban dattijon kaji, kuma bai taɓa bari ta manta da duron ba.

Sabon Fasto ya zo da kunnuwa biyu lafiyayyu, daga nan matsala ta fara. Matashi ne mai ladabi, wanda ya yi dogon rubutu a makaranta a kan haɗin kan ikilisiya aka yaba masa. Da ya ga hanyar nan ta tsakiya sai da ya yi hawaye. Ya ce zaman da ake yi ba haɗin kai ba ne, shiru ne kawai, kuma 'yan'uwa ba za su ƙaunaci juna ba sai sun fahimci juna. Ya kafa zaman tattaunawa kowace Laraba. Mutane suka zo, aka buɗe ayoyi, aka fahimci juna sarai. Ba a jima ba mutanen da suka tsufa suna aron gishiri a gidajen juna suka daina gaisawa.

Babban dattijon agwagi Mai Kemis ne, mutumin da ya shekara yana auna magani, wanda a wurinsa "kusan" da "babu" duk ɗaya ne. Wata Laraba ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Mu ba mu hana kowa zama da mu ba. Su yi waƙa, su ba da baikon kuɗinsu, Allah ya sa albarka. Amma hannun da yake yanka gurasa yana zuba ruwan inabi, wannan hannun dai ya kamata a ce ya shiga ruwa. Ba da kowa nake ba."

Kowa ya juya ya dubi Uwar Kofuna, domin hannu ɗaya ne yake wannan aikin, kuma a lokacin yana zuba wa Mai Kemis shayi.

Kafin Lahadi agwagi sun ce za su koma yin nasu Jibin a bayan kemis. Kaji suka ce in haka ne za su kwashe bencinansu. Fasto ya yi azumi, ya yi zirga-zirga tsakanin gidajen dattawa, sannan ya zo gidan Uwar Kofuna ya tarar tana gugar farin ƙyallen tire.

"Mama, sannunku da aiki."

"Fasto, kai ne da rana tsaka? Shigo ka zauna."

Ya zauna a bakin kujera, ya haɗa tafin hannu. "Mama, na yi ta addu'a, sai Ubangiji ya nuna mini ku. Kaza ta haife ku, agwagwa kuka aura. Ku ne gadar ikilisiyar nan."

"Gada ai takawa ake yi, Fasto."

Ya yi dariya, maganar ta burge shi. Sannan ya yi bayani. Mai Kemis ya yarda cewa in ta shiga tanki, agwagi za su kau da kai daga sauran kajin da ke cin Jibi. Mutum ɗaya ya jiƙe, kowa ya zauna lafiya.

"In ban shiga ba fa?"

"Ba mai tilasta muku, Mama. Sai dai tiren, ban san yadda zan yi in bar muku shi ba."

Ta ajiye dutsen guga. "To baftismar da aka yi mini ina jaririya?"

"Tana nan. Ba mai goge ta. Wannan ƙari ce."

"Ka gaya wa Mai Kemis ƙari ce?"

"Shi a wurinsa ta farko ce. Kowa da yadda zai kira ta a zuciyarsa. Ai abin da ake kira haɗin kai ke nan."

Ta dubi ƙyallen. Can ta ce, "Har kaina za a nitsar?"

"Har kai, Mama. Ƙiftawar ido ce."

Da yamma Hedimasta ya iso yana dogara sanda. Bai zauna ba.

"Ke, ashe abin da nake ji gaskiya ne?"

"Yaya, zauna mana ka sha ruwa."

"Ina tsaye a wurin ranar da Inna ta rungume ki ta kai ki gaba. Ni na riƙe mata jaka. Yanzu za ki je ki gaya wa duniya wanka ta kai ki?"

"Yaya, tiren za su karɓe."

"Su karɓe mana! Baftisma sau ɗaya ake yi, kamar haihuwa. Ni na ciro ki daga ruwa da hannuna. In kika koma da ƙafarki, kada ki nemi mai jawo ki."

Ta koma da ƙafarta. Ran Lahadi bayan sujada agwagi suka kewaye tanki suna waƙa. Kaji suka tsaya can ƙarƙashin rumfar ajiye babura, suna nuna ba kallo suke yi ba, har wasu suna ɗage. 'Yarta, wadda nas ce a asibiti, tana riƙe da tawul tana cika tana batsewa.

"Mama, da hawan jininki? Don su ji daɗi?"

"Riƙe mini takalmi kawai."

Ta hau matakala cikin farar riga, ta sauka ciki. Ruwan ya kama mata gwiwa, ya kama ƙugu, ya tsaya a ƙirji yana matse mata numfashi. Fasto ya tallafi ƙeyarta, ya faɗi kalmomin, ya kwantar da ita baya. Da ruwa ya rufe mata fuska sai waƙar ta ɗauke, ta koma 'yar ƙaramar nan da ke cikin duro, kai ƙasa, ba mai gani. Hannunta na dama ya yi abin da ya saba yi duk tsawon rayuwarta. Ya nemi bango, ya samu bakin tankin da mijinta ya goge, ya kama.

Sai ga ta a sama tana tari, rana a ido, agwagi suna tafi. Matar Mai Kemis, wadda ta ɗauki abin duka a waya don ta aika wa 'yan'uwanta, ta rungume ta da jiƙaƙƙiyar riga tana cewa, "Barka da zuwa gida." Uwar Kofuna ta yi kuka, ba ta san ko na murna ne ko na tsoro ba. Ta canja kaya ta wuce ɗakin bayan bagade, gashi yana ɗiga, ta buɗe kabad ta dubi kofunanta. Daren nan ta yi barci mai daɗi.

Mai Kemis kuwa ya karɓi wayar matarsa don ya sake jin daɗin nasarar, ya kalla, ya tsayar, ya koma baya. Ran Laraba aka kira taron dattawa a ofishin Fasto, aka aika Uwar Kofuna ta zo. Ta zo da butar shayi, a zatonta shi ake nema.

Waya ta zagaya hannu zuwa hannu. Kowa ya sa yatsa biyu ya buɗa hoton. Ga ruwa ya rufe ta, ga Fasto ya duƙa, ga bakin tanki shuɗi, ga wani abu a kansa.

"Yatsu huɗu," in ji Mai Kemis. "Babban yatsan ya shiga, ban musa ba. Amma huɗun nan a bushe suke."

Wani ya ce ai ruwa ya fantsama musu.

"Fantsama," in ji Mai Kemis, "ai shi ne yayyafi. Abin da muke gudu ke nan."

Fasto ya share gumi. "To a sake, dattawa. Abu mai sauƙi ne."

Uwar Kofuna ta ɓoye hannun cikin zane. "In za a ɗaure mini shi," ta ce, "zan shiga."

Hedimasta ya buga sanda a ƙasa. "Ta biyun zunubi ce, muka yi shiru don ƙanwata ce. Ta uku wasa da abin Allah ne. Ranar da ta sake taka matakalar nan, mu da bencinanmu mun tafi. Kuma tun da an kawo maganar, a wurinmu wanda ya yi musun baftismarsa ba ya zuwa tebur sai ya tsaya gaban ikilisiya ya ce abin da ya shiga ba kome ba ne."

"A majami'ar nan?" in ji Mai Kemis. "A tsaya a ce tankinmu ba kome ba ne?"

"Ba kai ka ce ba ta yi ba yanzu?"

"Na ce ba ta cika ba. Rashin cika daban, rashin zama kome daban."

Mai Kemis ya cire tabarau ya dubi Hedimasta. "Ke nan a wurinku ba za ta ci ba?"

"Ba za ta ci ba."

"A wurinmu ma haka."

Suka dubi juna da mamaki, kamar mutum biyu da suka yi gaba shekara da shekaru sai suka gano tela ɗaya ke yi musu ɗinki. Fuskar Fasto ta yi haske. Ya ce ba hana ta za a yi ba, jinkirtawa ce kawai, har wani kwamiti ya duba maganar, kwamitin da dattawan biyu za su shugabanta tare. Ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Duk hannuwa suka tashi. Tun ranar da aka shigo da bencina ba a taɓa ganin haka ba.

"Wanke kofunan fa?" in ji Uwar Kofuna.

Aka ce ta yi ƙoƙari, lokacin hutunta ya yi. Za a koma kofunan roba da ake sha a yar, mata biyu za su riƙa shirya tebur, kaza ɗaya agwagwa ɗaya. Kofunan gilashin kuwa aka ba ta su kyauta a kwali, don tunawa. Sannan dattawa suka miƙe su kama hannu su yi addu'ar godiya, aka roƙe ta ta ɗan ja kujerarta baya don da'irar ta haɗe.

Lahadi ta gaba ta nufi gefen hagu, ta tarar kaji sun yi faɗi, ba wuri. Ta leƙa dama, agwagi sun ajiye jakunkuna a kan benci. Mai tsaron ƙofa, mutumin kirki, ya kawo mata farar kujerar roba ya ajiye a can baya, daidai bakin hanyar tsakiya. Nan ta zauna daga ranar. In tire ya zo wucewa daga hagu zuwa dama, ta gabanta yake bi, mai ɗauka ya ɗan ɗaga shi sama yana kallon wani wuri. Tana jin ƙamshin ruwan inabin. Tana ganin burodin da ba a yanke wa ɓawo ba.

Sauran kuwa kowa yana ci. Tun da dattawa sun nuna ba sa wasa da tebur, ba wanda ya ƙara damuwa da goshin wani. Majami'a ta cika, aka sayi sabuwar ganga. Aka fara gayyatar Fasto wurare ya koyar da yadda ya haɗa kan mutanensa ba tare da wani ya saki aƙidarsa ba, yakan kuma rufe jawabinsa da maganar wata tsohuwa mai hikima da ta ce masa gada takawa ake yi. Kwamiti yana zama a kai a kai. Ya duba yoyon rufi, ya duba injin wuta, maganarta kullum ita ce ta gaba.

"Mama, ga wata majami'a can gaba da tasha," in ji Nas. "Ko daga titi kika faɗo za su miƙa miki. Ki zo mu je."

"Teburina yana nan."

"Teburin da ake wuce ki da shi kamar mai cutar tari?"

"Jinkiri suka ce."

Jinkirin yana nan ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya gajarta, ta daina iya zuwa ko kujerar robar. Da Nas ta ga abin da ta saba gani a fuskokin marasa lafiya, ta buga wa Fasto waya ta ce a kawo wa mahaifiyarta Jibi a gida, kamar yadda ake kai wa kowane tsoho.

Ya zo da dattawan biyu, domin ya daina zuwa ko'ina da ɗaya kawai. A motar Mai Kemis suka zo. Uwar Kofuna ta bi hannuwansu da kallo tun daga ƙofa: ledar lemo, gwangwanin madara, sandar Hedimasta. Ba ɗan akwatin da ake sa gurasa da kofi.

Ta riga ta sa Nas ta ajiye kwanon ruwa a kan kujera kusa da gado. Bayan gaisuwa ta zaro hannun dama daga cikin bargo, ya bushe kamar reshe.

"Fasto, ga ruwa, ga hannun. Abin da ya rage ke nan. Ka ƙarasa."

Fasto ya dubi dama, ya dubi hagu.

"'Yar'uwa," in ji Mai Kemis da murya mai taushi, "ba allura ba ce da za a ce a cika sauran gobe. Gaba ɗaya ake yi, lokaci ɗaya. Da da hanya ai da ni zan fara nuna ta."

"Ɗigo ɗaya ya taɓa ta da sunan baftisma," in ji Hedimasta, "ta uku ke nan."

"Yaya."

Bai dube ta ba. "Ki ce a gabansu tankin nan wanka ne. Kalma ɗaya. Ni da kaina zan je in ɗauko miki."

"In ta faɗa," in ji Mai Kemis, "mu kuma mun ji."

Uwar Kofuna ta rufe ido. Ta tuna bakin tankin a tafin hannunta, sumul, ba kaifi. "Mai gidana ne ya haɗa shi," ta ce. "Ba zan ce ba kome ba ne. Inna ce kuma ta kai ni gaba. Ita ma ba zan ce ba."

"Kun ji ko?" in ji Fasto, idonsa ya ciko. "Wannan ita ce zuciyar haɗin kai. Mama, da zarar an gama rufi kwamiti zai zauna a kan maganarku, na yi muku alkawari."

"Kawu, Baba, ku ji tsoron Allah," in ji Nas. "Ku dubi ƙafafunta. Rufin me za ta jira?"

"Tsoronsa muke ji, yarinya," in ji Hedimasta. "Da ba ma ji ai da tuni an gama."

Suka yi mata addu'a mai tsawo, kowa ya yi nasa rabon don kada a ce wani gefe ya fi. Da suka fita tana jin su a tsakar gida suna jayayyar wasa a kan wanda zai zauna gaban mota.

Nas ta figi jaka ta fita, ta dawo da burodi da kwalin ruwan inabi daga shagon kan kwana. Ta jawo kwalin kyauta daga ƙarƙashin gado, ta ciro kofi ɗaya, ta zuba, ta gutsuro burodi.

"Karɓi, Mama. Allah ba ya kallon bidiyo."

Uwar Kofuna ta daɗe tana kallon kofin. Hasken taga ya ratsa shi, ya yi ja a kan bargo. Leɓenta ya motsa.

"Ba ki yanke ɓawon ba," ta ce.

"Mama, don Allah."

"Ba haka ake yi ba. Sai an miƙo mini."

"Ga shi ina miƙo miki!"

"Ke 'yata ce. Ke ba ikilisiya ba ce." Ta juya fuska bango. Can da Nas ta miƙe tana kuka, ta ƙara da cewa, "Da ruwan ɗumi za ki wanke shi. Kada ki sa mai ƙamshi."

Ba a gama rufi ba ta rasu. Akwatinta ya bi hanyar tsakiya, hagu da dama cike maƙil, Fasto ya yi wa'azi a kan gada har mata suna share hawaye. Kaji da agwagi suka ɗauke ta tare, ba a san kafaɗar wa ta fi ba.

A bakin kabari, da aka saukar da akwati aka janye igiyoyi, Nas ta juya ta dubi Mai Kemis, ta yi magana yadda na baya ma za su ji.

"Baba, matso ka leƙa da kyau kafin a rufe. Duk ta shiga? Ba yatsa a waje?"

Mai Kemis ya yi kicin-kicin da fuska, ya gyara tabarau, ya ce baƙin ciki ne ke magana, a yi mata uzuri.

Amma ya leƙa.